Babbar Rigar Motar Baba Pwajok

Ƙanena Musaddiq tela ne, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, in dai babbar riga ce ya iya ta. Matsalarsa baki. Tun yana yawo ba wando bai taɓa jin an ambaci wani aiki ya ce bai iya ba. Ka ce masa jirgin sama ya ƙi tashi, sai ya tambaye ka ko an duba zaren ƙasa. Ni Rahma yayarsa, mai sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada, gidanmu ɗaya a unguwar Ali Kazaure a nan Jos, shagonsa a ƙofar gidan. Saboda haka duk abin kunyar da ya kwaso, ni ake fara yi wa jaje.

Baba Pwajok aminin marigayi babanmu ne, tare suka yi aikin kuza. Yana da wata tsohuwar jar mota da ya saya wajen wani Bature, irin mai rufin yadi ɗin nan da ake naɗewa baya in ana rana, a jawo shi gaba in hadari ya taso. Injin ƙalau yake, don Baba ya fi kula da shi a kan haƙoransa. Rufin ne ya mutu murus. Rana ta ci, ƙanƙara ta huda, in ka zauna ciki sai ka ƙirga tsuntsayen da ke wucewa.

Matarsa Mama Magadaliya kuwa tun farkon damina take kwance, ciwon ƙirji ya kayar da ita, ga baya ya riƙe ba ta iya sunkuyawa. Ranar Asabar zumuntar mata za su yi babban taronsu a wani coci gaba kaɗan da Farin Gada, kuma ita ke ɗaga waƙar buɗewa tun ana goya ni. Ta ce ko da rarrafe sai ta je, don ba ta san ko za ta ga na baɗi ba. Likita ya yarda, amma da sharaɗi: kada ruwa ya taɓa ta, kada iska ta buge ta. Tasi ba ta shiguwa sai an sunkuya. Keke mai ƙafa uku kuwa iska ta ko'ina. Motar Baba ce kaɗai mafita: a naɗe rufi, ta shiga a miƙe ta zauna, a ja a rufe.

Baba ya faka a ƙofar shago, ya ce masu gyaran kujerun mota sun ce sai an aiko da rufin daga Legas, sai bayan damina. Tambaya kawai bawan Allah ya zo yi, ko Musaddiq ya san wani.

"Legas?" Musaddiq ya ture keken ɗinki ya miƙe. "Baba, ina raye a garin nan za a aika Legas? Mene ne rufin mota? Riga ce marar hannu."

"Ɗana, motan nan ba mutum ba ne fa."

"Ai mutum ya fi wuya, Baba. Mutum sai ka gama gwada shi ya je ya ƙara tumbi. Mota kuwa tsaye take cak. Ko sisi ba zan karɓa ba, so nake garin nan ya san wane ne ni."

Na ce, "Musaddiq, ka ji tsoron Allah, lafiyar tsohuwa ce."

"Yaya, je ki ji da kabejinki."

Kafin ka ce me, Lukuman kafinta, maƙwabcinmu da ke aiki a kasuwar Katako, ya fito da benci ya ajiye a inuwa. Ya ce yau ba kasuwa, kallo ya samu.

Baba ya ce a cire tsohon rufin a hankali, a shimfiɗa shi a kan sabon yadi a bi sawunsa. Musaddiq ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Masu koyo ke ɗora tsohuwar riga, Baba. Ni idona ne tef."

Ya ɗauko reza ya bi rufin nan ya yi masa filla-filla. Ƙananan ƙusoshin da suka riƙe shi da ƙarafuna suka tarwatse, rabi suka gangara kwata. Wata maƙwabciya ta kwashe tsummokaran ta ce za ta rufe akurkin kaji. Baba yana tsaye yana kallo, bakinsa na motsi, ina jin addu'a yake.

Mai cewa idonsa tef sai ga shi da tef a wuya. Ya zagaya motar yana faɗa da ƙarfi yana zanawa da alli a bango.

"Kafaɗa! Ƙirji! Tsawo!"

"Injiniya, ka manta ƙugu," in ji Lukuman. "Kuma ka tambaye ta ko tana son aljihu."

"Kai dai tsaya ga ƙusa da guduma, ka bar masu fasaha su yi aiki."

Washegari Musaddiq ya bi ni Farin Gada, ya samo wani koren tamfol wajen direban babbar mota. Tamfol ɗin ya yi shekaru yana rufe albasa da busasshen kifi. Da muka dawo da shi unguwa, duk wata kyanwa da ke Ali Kazaure sai da ta zo gaisuwa.

Ya shimfiɗa shi a tsakiyar layi, ya ninka biyu, ya sake ninkawa, kamar yadda yake yi wa shadda. Mutane suka taru, masu wucewa ma suka tsaya. To, Musaddiq in ya ga taro hankalinsa barin jikinsa yake. Ya durƙusa da almakashi a hannu ya fara ba da labarin wani babban mutum da ya zo daga Abuja takanas don ya ɗinka masa riga, wai har mutumin ya yi kuka da ya gwada. Baki na zuba, ido na kan jama'a, hannu kuwa yana aikin da ya saba. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Ya miƙe ya ce a kama masa a buɗe.

Aka buɗe. A tsakiyar tamfol ga rami zagayayye, har da ɗan tsagi ta gaba.

Lukuman ya sauko daga benci, ya leƙa ramin ta sama, ya leƙa ta ƙasa.

"Injiniya, wannan fa?"

Na dafe kai. "Wuya ne. Innalillahi, ya yanka wa mota wuya!"

Dariya ta ɓarke, wani tsoho har ya sarƙe da goro. Musaddiq ya dubi ramin, ya dubi almakashi kamar shi ya ci amanarsa, sannan ya gyara murya.

"Rashin fita waje ke damunku. Wannan tagar shan iska ce. Duk motocin zamani da ita suke zuwa."

"Ɗana," in ji Baba Pwajok a sanyaye, "likita ya ce kada iska ya taɓa Mama."

"Shi ya sa zan yi mata murfi, Baba. Komai a tsare yake."

Murfin kuwa shi ne guntun da ya yanke, ya mayar da shi da maɓallan kaftani. Kuma da yake a cewarsa ba a barin wuya tsirara, sai ya zauna ya zagaye ramin da aiki na zare ruwan ɗorawa. Wallahi aikin ya yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ɗinkin kansa ba sai na faɗa ba. Allura ta farko ta karye, ta biyu ta yi tsalle ta soki buhun garin mai shagon kusa. Tamfol ya zame daga kan tebur da nauyinsa, ya ja keken ɗinkin, keke ya ja Musaddiq, su duka suka faɗo waje, kyanwoyi suka watse suna ihu. Daga ƙarshe da allurar masu gyaran takalmi ya ƙarasa, yatsunsa duk a naɗe da ƙyalle.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi gwaji. Aka tayar da ƙarafunan rufi, maza suka ɗaga tamfol suka jefa a kai. Motar ta ɓace. Gefe da gefe ya sauka har ƙasa, ya rufe ƙofofi da tayoyi. Wani mai wucewa ya yi sallama ya tambaya ko suna ake yi, a ina ake ba da abinci.

"Na bar mata rara ne," in ji Musaddiq. "Yadi in ya sha ruwa tsukewa yake."

"Tamfol ne, ɗan uwana, ba atamfa ba!"

Ko kallona bai yi ba. Ya tattaro gefen dama ya naɗe ya ɗora a sama, ya tattaro na hagu ya ɗora, daidai yadda alhazai ke ɗage hannun babbar riga a kafaɗa. Rabin ƙusoshi kuwa suna kwata, saboda haka ya yi wa bakin tamfol kalmasa irin ta ƙugun wando, ya zura doguwar tazuge ya zagaye motar, ya ja ya ƙulle a gaban gilashi.

"Masha Allah," in ji Lukuman. "Saura hula da carbi, sai a kai ta ɗaurin aure."

Musaddiq ya shiga ya zauna, ya ce a kwara ruwa. Lukuman ya ɗebo bokiti cike ya watsa da zuciya ɗaya. Can sai muryar Musaddiq daga ciki:

"Ko ɗigo! Ina masu dariya? A ƙaro wani!"

Aka ƙara. Ashe duk ruwan yana taruwa cikin naɗin kafaɗa. Yana buɗe ƙofa ya fito da hannu a sama kamar wanda ya ci zaɓe, naɗin ya warware, bokiti biyu suka sauka a kansa lokaci guda. Ya share fuska ya tofar.

"A waje na jiƙe. Kowa shaida ne, a ciki ban jiƙe ba."

Na ja Baba gefe na roƙe shi ya nemi wata dabara. Ya girgiza kai.

"Wane dabara, 'yata? Tsohon rufi yana kan kaji. Mama kuma ya riga ya sa an goge kayan zumunta, tun jiya yana gwada murya. In na ce ba za a je ba, ciwon zai dawo. Mu roƙi Allah kawai ya riƙe ruwa."

Asabar ta waye garau, har na fara jin sanyi a raina. Ban ga tashinsu ba, ina kasuwa. Wajen hantsi ina jera kabeji sai na ji 'yan dako suna sowa. Na ɗaga kai, ga jar mota cikin koriyar babbar riga tana tahowa a hankali kamar mai ciwon ƙafa. A jikin tamfol an rubuta da farin fenti: MUSADDIQ TELA, ANA ƊINKIN MOTA. Shi yana kujerar baya cikin farar shadda yana ɗaga wa mutane hannu. Lukuman na biye da su a Keke, ya ce ba zai bari a ba shi labari ba.

Daidai gaban rumfata wata babbar mota ta tare hanya ana sauke dankali. Suka tsaya. Kuma kun san ruwan Jos ba ya sallama. Sama ta yi baƙi ta wajen duwatsu, leda da ɓawon albasa suka fara tashi.

Iskar farko ta sauke hannun riga na dama, ya faɗo ya rufe gilashin gaba.

"Wa ya kashe wuta?" Baba ya yi ihu daga ciki.

Ta biyu ta ɓalle maɓallai, murfin wuya ya tashi kamar faifai, ya faɗa kwandon tumatir na wata mata. Iska ta samu ƙofa. Tamfol ya kumbura, ya kumbura, mota ta yi tumbi irin na ɗan kwangila. Sai ji muka yi tas! Tazuge ta tsinke. Rigar nan ta tashi sama gaba ɗaya, ta karkata, ta sauka a kan 'yan dako da buhunan dankali a ka. Dankali ya bazu a titi, mutane na tsalle, daga ƙarƙashin tamfol ana ta zagi da harsuna kala-kala.

Kasuwa ta kwashe da dariya, ni ma na fara. Sai idona ya faɗa kan Mama Magadaliya.

Tana zaune a fili cikin kayan zumunta, ɗankwali a ɗaure tsaf, ta rame ƙwarai fiye da yadda nake zato. Ɗigon farko ya buga a kan bonet. Ta dubi sama, ta dubi Baba.

"Gida za mu koma ke nan?" ta ce a hankali.

Wallahi zuciyata ta karye. Ban san lokacin da na tsallake kabejina ba.

"Kai, ku 'yan dako! Ku fito daga nan ku ɗago tamfol ɗin! Uwarku ce a motar, marar lafiya ce! Ulonma, tsige lemarki! Mata, kowa ta kawo lema!"

Ulonma mai busasshen kifi, maƙwabciyar rumfata, ta tsige babbar lemarta da ƙarfin tsiya. Mazan da ke zagi yanzun nan suka kama gefen tamfol suka ɗaga shi a kan motar, har Lukuman ya riƙe kusurwa. Mata muka jeru gefe da gefe da lemomi muka tare iska. Amma tsakiyar tamfol ta lotsa, ruwa ya fara gangarowa wuri ɗaya, zuwa ramin nan, ramin kuwa yana dab da kan Mama.

"A toshe! A tokare tsakiya!" na yi ihu.

"Da me?" in ji Lukuman.

Na waiga na ga Musaddiq ya lafe a kujerar baya, yana neman hularsa da hanyar gudu.

"Wanda ya yanka wuyan shi zai sa rigar. Tashi!"

"Yaya, farar shadda ce a jikina..."

"Tashi, ko in tashe ka da marin da ban yi maka ba tun kana yaro!"

Ya miƙe tsaye a bayan Mama ya cusa kai cikin ramin. Ya shiga cif, kamar an gwada shi. Tamfol ya tashi ta tsakiya, ruwa ya koma gangarawa gefe. Ulonma ta kwance gyalenta ta naɗe masa a wuya ta ƙulle tamau don kada ya yoyo. Mai dankali ya janye motarsa, Baba ya sa giya.

Sai sama ta ɓalle, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma da ƙanƙara.

Haka muka bi titi. Mota na rarrafe, maza na riƙe da tamfol, mata na tafe da lemomi, a can sama kuma kan Musaddiq shi kaɗai, ba hula, zagaye da aikin zare ruwan ɗorawa. Baba ba ya ganin hanya sosai, don haka shi ke ba da umarni.

"Dama, Baba! Wayyo kaina! Akwai rami, hagu! Wash!"

Masu fakewa a bakin shaguna suka fito suna jinjina masa. "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamanin Sarkin Tamfol!" Kuma don ku san halin ɗan uwana, a cikin wannan hali sai da ya buɗe baki.

"Kun gani ko? Da ma haka na tsara shi! Rufi mai..."

Ƙanƙara ta same shi a tsakar ka, ƙwas, ya haɗiye sauran.

Muka shiga harabar cocin, aka kai motar har bakin baranda. Matan zumunta suka fito suka ga abin da ke tafe, wasu suka rangaɗa guɗa, wasu suka faɗi da dariya. Aka buɗe ƙofa, ni da Ulonma muka tallafi Mama ta sauko. Na shafa ɗankwalinta, na shafa kafaɗarta, na shafa bayanta. A bushe take ƙamas.

Daga baranda ta ɗaga kai ta dubi Musaddiq.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Amma kada ka ƙara taɓa motan nan."

Aka riƙe ta ta shiga, Baba na bin ta a baya yana ta yi wa 'yan dako godiya.

'Yan dako suka saki tamfol suka gudu baranda, ya faɗo ya rufe motar. Aka bar Musaddiq tsaye a ciki, ƙullin Ulonma ya jiƙe ya ƙi kwantuwa. Kansa duk ƙulu-ƙulu, haƙora na kaɗawa, yana warin kifi. Na hau kan taya da lema a hannu ɗaya, ina fama da ƙullin da ɗaya hannun. Tun ranar da ya ɗauki reza nake tara masa magana, sai na kwance bakin buhu.

"Ka ga abin da bakinka ya jawo? Da ruwan nan ya taɓa ta, da wane ido za ka dubi Baba? Mutum ba ya jin magana, ba ya jin kunya, kullum na iya, na iya! Yau ga ka nan, ka zama turken rumfa a gaban duk Farin Gada, gobe da wace fuska zan..."

Daga cikin cocin wata murya ta tashi, siririya, tana rawa kamar za ta yanke. Ta ja baitin farko ita kaɗai, ta tsaya ta yi numfashi, ta sake ja, wannan karon da ƙarfi. Aka buga tulu, caki ya shiga, matan nan gaba ɗaya suka amsa har kwanon rufi na girgiza.

Ni ban ma lura ba, ina ta faɗa. Musaddiq ya karkata kai wajen taga, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Yaya," ya ce, "don Allah yi shiru. Mama ce."